Guntuwar jimla da jimla mai zarcewa a rubutun Ingilishi

Wata ɗaliba ƴar tarminal, ajin ƙarshe na sakandare, daga unguwar Zariya a nan Maradi ta aiko da wannan tambaya:

"Assalamu alaikum Malam. Duk aikin Ingilishi da na miƙa sai mushe, malaminmu, ya dawo mini da shi ya sha jan bik. Wani wuri ya rubuta *fragment*, wani wuri *run-on*. Ƙawata ta ce na farkon yana nufin jimlata ta yi gajarta, na biyun kuma ta yi tsawo. Na tsawaita gajerun, na datse dogayen, amma jan bik bai ragu ba, ga jarrabawar bak tana matsowa. Wane tsawo ne daidai?"

Wa alaikumus salam, ɗiyata, Allah ya sa a gama lafiya. Na daɗe ina koyar da Ingilishi a garin nan, tun daga ƴan siziyam masu fara *good morning* har zuwa ƴan tarminal irinki, kuma kusan kowace shekara sai wannan tambaya ta zo mini ta wata fuska. Ƙawarki ta so taimakonki, sai dai ta ɗora ki kan hanyar da ba ta ɓullewa, domin tsawon jimla ba ya cikin lissafin ko kaɗan. *Sit.* kalma ɗaya ce tak, kuma jimla ce cikakkiya. *Goats eat.* kalma biyu, lafiya lau. To ga wata mai kalma 18: *The tall old man who sells onions beside the mosque near our house every Friday after the prayer.* Duk tsawon nan nata guntuwa ce, don an yi ta siffanta mana tsohon mai albasa, amma har aka ɗiga aya ba a faɗa mana abin da ya yi ko abin da ya same shi ba. Ga kuma mai kalma 4 kacal, *It rained we stayed*, wadda mushenki zai rubuta wa *run-on* ba tare da ya yi dogon tunani ba.

Bari mu raɗa musu sunan Hausa don magana ta yi mana sauƙi. Ta farko zan riƙa kiranta guntuwar jimla, wato an ɗiga aya tun magana ba ta cika ba. Ta biyu jimla mai zarcewa, wato magana ta cika, wata ta soma, amma aka wuce ba a tsaya ba, kamar ɗan kabu-kabun da birkinsa ya ƙi ci a mararraba. Tushensu ɗaya, rashin gane inda jimla take ƙarewa.

In kin yi islamiyya, kin riga kin san wannan ilimi da wani suna. Kalmomin nan biyu da muke amfani da su a boko, aya da waƙafi, daga wajen karatun Alƙur'ani muka aro su. Malaman tajwidi sun kasa tsayawa kashi huɗu, akwai waƙafi tammi, da kafi, da hasan, da ƙabihi, wato mummunar tsayawa, inda mai karatu ya yanke tun ma'ana ba ta cika ba ko ta juye gaba ɗaya. Misalin da aka fi bayarwa shi ne aya ta 43 ta Suratun Nisa'i, mutum ya karanta "kada ku kusanci salla" ya tsaya nan, bai kai ga "alhali kuna cikin maye" ba. Kunnen da malamin islamiyya ya hora har ya san cewa a nan ba a tsayawa, shi nake so ki kawo ajin Ingilishi. Abin da ya rage miki shi ne ƙa'idar wannan harshen, don kowane harshe da inda ya yarda a tsaya.

Kafin Ingilishi ya yarda ki ɗiga aya, yana neman aikau, wato wanda ake magana a kansa, kuma sai ya fito a rubuce. Umarni ne kaɗai aka ɗauke wa, shi ya sa *Sit* ta tsira, don *you* yana nan a ɓoye. Yana neman aikatau mai ɗauke da lokaci, irin *sells*, *sold*, *is selling*, *will sell*. Amma *selling* shi kaɗai, ko *to sell*, ba sa gaya mana jiya ne ko yau ko gobe, saboda haka ba sa iya riƙe jimla. Sannan kada a samu wata kalma a gaba da ta rataye maganar a jikin wata, irin *because*, *although*, *when*, *if*, *while*, *after*, *until*, *unless*, *who*, *which*. Masu nazarin Hausa suna kiran gungun kalmomi mai aikau da aikatau ganga. Wadda za ta iya tsayawa da ƙafarta ita ce tsayayyar ganga, wadda kuwa sai ta jingina da wata ita ce ganga dogarau. *The rain stopped* tsayayya ce. Ki sa mata *when* a gaba, *When the rain stopped*, nan take ta koma dogarau, mai sauraro ya zuba miki ido yana jiran sauran.

Wannan duk littafin nahawu zai faɗa miki. Abin da littattafan ba sa faɗa, don ba domin Bahaushe aka rubuta su ba, shi ne dalilin da ya sa hannunki yake ta komawa ga kuskure ɗaya. Ni a ganina nan ne maganin yake. Kina tunani da Hausa, kin shekara shida a firamare daga CI zuwa CM2 kina rubutu da Faransanci kafin ki haɗu da Ingilishi, kuma kowanne cikin harsunan biyu ya bar miki wata al'ada wadda daidai ce a gidansa amma laifi ce a gidan Ingilishi.

Mu fara da guntaye. Bahaushe yana cewa "Babana manomi ne", kuma babu aikatau a ciki ko ɗaya. Wannan "ne" ɗin dirka ce, aikinta tabbatar da magana. Muna cewa "Kasuwa da nisa", "Ruwa babu", "Gidanmu kusa da gulbi", duk jimloli ne da kowa zai gane. Ɗalibi ya ɗauko wannan gini ya kai Ingilishi, sai ka ga *My father a farmer* ko *Our house near the river*. A can dole sai an sa *is*: *My father is a farmer.* Ƙanen wannan kuskure shi ne na *ing*. "Yara suna wasa a ƙofar gida", a Hausa kalmar "suna" ta haɗa mutum da lokaci a cikinta, kuma ɗalibi yakan ji kamar "yara" sun riga sun wadatar, sai ya tsallake ta ya rubuta *The children playing in front of the house.* An bar "suna" a hanya. Duk inda kika ga kin rubuta aikatau mai *ing* a matsayin babban aikin jimla, ki waiwaya bayansa ki nemi *am*, *is*, *are*, *was* ko *were*. In babu, jimlar gurguwa ce.

Akwai kuma inda aikau ne yake ɓacewa. "Ana ruwa." "Ana zafi." "Yana da kyau." Yaro ya haddace cewa "yana" shi ne *is*, sai ya rubuta *Is good*, *Is raining*. A nan Faransancinki zai cece ki, don kin san *il pleut*, *il fait chaud*, *il y a*, kuma kin san wannan *il* ɗin ba kowa ba ne, an dai sa shi ne ya tsare gurbi don harshen bai yarda gurbin aikau ya zauna wayam ba. Haka Ingilishi yake yi da *it* da *there*: *It is raining. It is good. There is no water.*

Amma guntuwar da ta fi yawa a takardun ƴan tarminal ba ɗaya daga cikin waɗannan ba ce. Waɗancan na ƴan ƙananan azuzuwa ne. Taku ita ce ganga dogarau da aka yaye daga uwarta: *I did not come to school. Because I was sick.* A baki babu laifi. In aka tambaye ki don me ba ki zo ba, kika ce "don ba ni da lafiya", tambayar ce ta riƙe rabin maganar. A takarda kuwa babu mai tambaya, sai ki ɗauke ayar nan ta tsakiya, ki mayar da babban baƙi ƙarami: *I did not come to school because I was sick.* In kika fi son fara da dalilin, sai ki sa waƙafi a inda dogarau ta ƙare: *Because I was sick, I did not come to school.* Haka abin yake ga *Which*, da *Such as*, da *Especially*, da *For example* in abin da ya biyo baya jerin sunaye ne kawai. *Farmers here grow many crops. Such as millet, beans and groundnuts.* Wutsiya ce aka yanke aka ajiye gefe, gyaranta a mayar da ita jikin mai ita da waƙafi: *Farmers here grow many crops, such as millet, beans and groundnuts.* Mafi yawan guntaye ba sa bukatar ƙarin kalma ko ɗaya, uwarsu tana nan dab da su, ko a gaba ko a baya.

Yanzu ga zarcewa, kuma nan nake so ki natsu sosai, don wannan ita ce ta fi cinye wa ɗalibanmu maki.

Ki saurari yadda muke ba da labari: "Na tashi na yi alwala na yi salla na share tsakar gida." Ganga huɗu a jere, babu mahaɗi ko ɗaya, kuma Hausa ce tsantsa mai daɗi. Kalmarmu "da" sunaye take haɗawa, gero da dawa, uwa da uba, ba ta haɗa aiki da aiki. Ba wanda zai ce "ya zo da ya zauna" yana nufin ya zo ya zauna. Mu jerawa muke yi, kuma kowane aiki dole ya zo da ɗan "na" ko "ya" ko "ta" nasa. To ɗaliba ta kwashe wannan ta kai Ingilishi: *I got up I performed ablution I prayed I swept the compound.* Ko ta ji abin ya yi mata cunkoso ta yayyafa waƙafi a tsakani: *I got up, I performed ablution, I prayed, I swept the compound.* A wajen mai gyara duka biyun zarcewa ne, don kowane *I* da kika maimaita ya buɗe sabuwar jimla. Ta biyun tana da sunanta daban a littattafai, *comma splice*, ni kuma ina ce mata ɗinkin waƙafi, wato an ɗinke tsayayyun ganguna biyu da zaren da bai kai ƙarfin riƙe su ba.

Gyaran wannan jerin yana da sauƙi in kin gane sirrin. Abin da Hausa ta wajabta maimaitawa, Ingilishi zubar da shi yake yi. Ki faɗi *I* sau ɗaya, ki jera ayyukan, ki sa *and* kafin na ƙarshe: *I got up, performed ablution, prayed, and swept the compound.* Yanzu aikau ɗaya ne da ayyuka huɗu, kuma waƙafi ya koma aikin da yake iyawa, raba jeri. Na sha ganin ɗalibi ya rage rabin jan bik ɗinsa da wannan dabara kaɗai. Amma tana ci ne in mai aikin ɗaya ne. Da zarar ya sauya, "na tashi inna ta ba ni koko", babu abin zubarwa, sai an nemi gaɓa ta gaske.

Faransanci kuma ya ƙara wa wutar mai. *Il fait chaud, je ne sors pas* jimla ce karɓaɓɓiya a Faransanci, marubutansa suna jera ganguna da waƙafi a sake, kuma malaminki na Faransanci ba zai taɓa ta ba. Ki juya ta kalma da kalma, *It is hot, I am not going out*, malamin Ingilishi zai ja layi. Ɗaliban da suka fi ƙarfi a Faransanci sau da yawa su ne suka fi faɗawa wannan rami, don hannunsu ya saba da waƙafi mai ƙarfi, alhali na Ingilishi rarrauna ne.

To da me ake haɗa tsayayyun ganguna biyu? Kina iya raba su da aya kowace ta kama gabanta: *It is hot. I am not going out.* Kina iya barin waƙafin ki ƙara masa ɗaya daga cikin mahaɗai bakwai da aka ba wannan iko, *for*, *and*, *nor*, *but*, *or*, *yet*, *so*, waɗanda ake haddacewa da baƙaƙensu na farko, FANBOYS: *It is hot, so I am not going out.* Kina iya mayar da ɗaya dogarau: *Because it is hot, I am not going out.* Akwai kuma waƙafi mai ruwa, ɗigo a sama waƙafi a ƙasa, wanda wani mai ɗab'i na birnin Benis a Italiya, Aldus Manutius, ya yaɗa a ƙarshen ƙarni na 15: *It is hot; I am not going out.* Ana sa shi ne inda aya za ta iya zama amma maganganun biyu suka yi kusa da juna ƙwarai. Zaɓin ba na ka-cici-ka-cici ba ne. Ki tambayi kanki mene ne tsakanin maganganun biyu. In dalili ne, *because* ko *so*. In saɓani ne, *but* ko *although*. In lokaci ne, *when* ko *after*. In kuwa babu wata dangantaka, aya ce haƙƙinsu. Ni na fi son ɗalibi ya zaɓi mahaɗi, don ɗinkin waƙafi sau da yawa ɓuya ne, mai rubutu bai tsaya ya yanke shawarar yadda tunaninsa biyu suka danganta ba, ya bar wa mai karatu aikin.

Akwai wasu kalmomi masu shigar burtu, sun yi kama da mahaɗai amma ba su ba ne: *however*, *therefore*, *moreover*, *then*. Waɗannan bayanau ne, ba su da ikon haɗa jimla biyu da waƙafi. Mu kuwa "sai" ɗinmu na labari, sai ya tashi sai ya tafi, kai tsaye yake komawa *then*, kuma *donc* da *cependant* na Faransanci suna komawa *therefore* da *however*. Ga yadda za ki bambance. Bayanau yana yawo a cikin jimla, mahaɗi ba ya motsi. Kina iya cewa *However, the road was bad*, ko *The road, however, was bad*, ko *The road was bad, however*. Ki gwada haka da *but*, *The road, but, was bad*, za ki ji ba ta zauna ba. Duk kalmar da ta iya yawo haka, abin da zai zo kafinta a mahaɗar jimla biyu shi ne aya ko waƙafi mai ruwa: *We left early; however, the road was bad.*

Bari in nuna miki a aikace. Wannan sakin layi na haɗa shi ne daga irin abin da nake tararwa duk sanda na ba da rubutu a kan babbar salla:

*Last year my father bought a big ram, it cost a lot of money. Because prices go up before the feast. On the morning of Tabaski we went to the prayer ground we came back, my father slaughtered the ram. My mother and my aunts cooking in the yard. Which made everybody happy. The next day I wanted to visit my friends however my mother sent me to share the meat.*

Labarin yana da rai, kalmomin duk daidai ne, lokutan aikatau ba su karkace ba, amma babu jimla ɗaya a ciki da za ta tsira daga jan bik. Ta farko ɗinkin waƙafi ce, *my father bought* da *it cost*, tsayayyu biyu. Ta biyu dogarau ce marar uwa, kuma uwarta ita ce *it cost a lot of money* da ke bayanta, don haka ayar ce kawai za ta koma gurbin waƙafin. Ta uku jerin Hausa ne sak, muka je idi muka dawo baba ya yanka rago. Ta huɗu ta bar "suna" a hanya. Ta biyar wutsiya ce. Ta shida burtu. Ga ta bayan gyara:

*Last year my father bought a big ram. It cost a lot of money because prices go up before the feast. On the morning of Tabaski we went to the prayer ground, and when we came back, my father slaughtered the ram. My mother and my aunts were cooking in the yard, which made everybody happy. The next day I wanted to visit my friends, but my mother sent me to share the meat.*

Ki ƙirga abin da na ƙara: *and*, *when*, *were*, sai *however* da na musanya da *but*. Sauran duk matsar da aya da waƙafi ne. Ina faɗa miki wannan don ki san cewa takardar da ta yi ja ba lalle ta kasance ta ɗalibi mai rauni ba. Nakan ji zafi in na ga yarinya mai tunani mai kyau ta fid da rai da Ingilishi saboda abin da za a iya gyarawa cikin sati uku.

Yadda za ki kama su da kanki, ba tare da mushe yana tsaye a kanki ba, akwai gwaji da na fi amincewa da shi. Ki mayar da jimlar tambayar i ko a'a. Duk cikakkiyar jimlar bayani tana juyuwa: *The children are playing* ta koma *Are the children playing?*, *Goats eat* ta koma *Do goats eat?* Ki gwada da *The children playing*, ko *Because I was sick*, ko ta tsohon mai albasa, za ki ga sun ƙi, sai in kin ƙara wata kalma ko kin jefar da wata, kuma wannan kalmar ita ce take nuna miki ciwon. Mai zarcewa kuma in kika juya ta, tambayar rabi kawai take ɗauka: *Did it rain?* sai ga *we stayed* ya rage a hannunki, yana neman tasa tambayar. Tambaya biyu, jimla biyu.

Gwaji na biyu kin san shi daga ajin Faransanci, inda aka koya miki cewa yawan aikatau masu lokaci shi ne yawan ganguna. Ki ja layi a ƙarƙashin kowane aikatau mai lokaci tsakanin babban baƙi da aya. In babu ko ɗaya, guntuwa ce. In ɗaya ne, ki duba ko wani *because* ko *which* ya rataye shi. In biyu ne kowanne da aikau nasa, ki sa yatsa a kan abin da ya haɗa su, in kika tarar da waƙafi tsirara ko fili, zarcewa ce. Abu ɗaya za ki kiyaye, Ingilishi yakan ɓoye *that*: *I think he left*, ko *The ram my father bought was big*. Waɗannan daidai ne, mahaɗin yana nan ba a dai furta shi ba, kuma in kika mayar da *that* gurbinsa za ki ji ya zauna daram.

In za ki yi bitar, ki faro daga jimlar ƙarshe ki hauro sama. In kika bi daga sama, labarin zai ɗauke ki, ƙwaƙwalwarki ta riƙa liƙa guntaye a jikin maƙwabtansu ba ki sani ba. Daga ƙasa kuwa kowace jimla ita kaɗai za ta tsaya a gabanki, kuma *Which made everybody happy* ba ta da inda za ta fake. A ɗakin jarrabawa ki ware minti goma na ƙarshe don wannan.

Shawara ɗaya da za ki ji a bakin mutane ki bar ta, wai a sa waƙafi inda aka ja numfashi. Numfashin mai karatu ya danganta da ƙirjinsa da saurinsa, kuma ita wannan shawarar ce ma take haifar da ɗinkin waƙafi. Kada kuma tsoron zarcewa ya sa ki koma sara jimloli gutsi-gutsi kamar ana yanka kuɓewa, *We went. We prayed. We came back.* Babu kuskure a ciki, amma rubutun ƴan siziyam ne, kuma mai gyara yana son ya ga kin iya haɗa tunani. A jarrabawar IELTS, wadda masu neman karatu a Ingila da wasu ƙasashe suke yi, aiki na biyu na rubutu kalma 250 ne aƙalla cikin kamar minti 40, kuma ɗaya daga cikin ma'aunai huɗu na maki shi ne yalwar ginin jimla tare da daidaitonsa. Ko ba ki nufi can ba, abin zai bi ki. Ƴan uwanki nawa ne suke ƙetarawa ta Jibiya zuwa jami'o'in Katsina da Kano, inda da Ingilishi ake komai? Ko a nan gida, kundin tafiyar da mulkin Nijar da aka ƙaddamar a 2025 ya sa Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya sa Ingilishi da Faransanci harsunan aiki.

Na san za ki ce kina ganin guntaye a rubutun masu harshen da kansu, kuma gaskiyarki. Kanun labarai, tallace-tallace, saƙon WhatsApp, hirar mutane a cikin ƙagaggen labari, duk cike suke da su. Maganar nan da ake dangana wa Yuliyas Kaisar bayan nasararsa a Zela a shekara ta 47 kafin haihuwar Annabi Isa, wadda ake fassarawa *I came, I saw, I conquered*, ɗinkin waƙafi ce a zahiri, an yafe mata ne don gangunan gajeru ne masu gini iri ɗaya, kuma da gangan aka jera su. Marubuci yana yin haka don ya san ƙa'idar ya kuma san abin da yake nema. Mai gyaran takardar bak ba shi da hanyar sanin ko da gangan kika yi, don haka a can ki cika kowace jimla, har amsoshin tambayoyin fahimta. In aka tambaya *Why did the farmer sell his cow?*, ki rubuta *He sold it because he needed money*, kada ki fara da *Because* ki tsaya.

Ga uku ki gwada hannunki kafin ki karanta amsar. *Although the harvest was good this year and the granaries were full. The bus was late therefore we missed the exam. When the first rain fell, the farmers who had kept their seed since the last harvest went out before sunrise and planted until the sun was high.* Ta farko guntuwa ce, don *although* ya rataye gangunan biyu duka, tana jiran wani abu kamar *prices did not fall* bayan waƙafi. Ta biyu mai zarcewa ce, tana son waƙafi mai ruwa kafin *therefore* da waƙafi bayansa, ko ki musanya shi da *so*. Ta uku, wadda ta fi su tsawo, ba ta da aibi ko ɗaya. Ki juya ta tambaya ki gani, *Did the farmers go out and plant?*, tambaya guda ta ɗauke ta duka.